Yadda Ake Amfani da Na'urar Tururi Wajen Tsaftar Gida, da Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

Na'urar tsafta mai aiki da tururi ta fara samun wurin zama a gidajenmu, wasu suna sayen sabuwa a kantunan kayan lantarki, wasu kuma suna tsintar ta a cikin kayan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Mafi yawan masu saye abin da suka gani a bidiyon talla ne yake jan su, inda ake nuna bakin na'urar yana wucewa sau ɗaya a kan tayil mai baƙin datti, nan take wurin ya koma fari fat. Na'urar tana da amfani na gaske, amma ba ta wannan fuskar ba, kuma wanda bai fahimci yadda take aiki ba yana iya ɓata kayan ɗakin da suka ninka kuɗinta sau da yawa cikin 'yan mintoci.

Abin da ke cikinta ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa. Tukunya ce ta ƙarfe a rufe, da waya mai ɗumama ruwa irin ta butar lantarki. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas idan tukunya a buɗe take, amma idan aka rufe ta ruf har matsi ya taru, zafin yakan haura haka, shi ya sa manyan na'urorin gida masu matsin bar 3 zuwa 4 sukan kai digiri 140 zuwa 150 a cikin tukunyarsu. Lita ɗaya ta ruwa tana zama kusan lita 1,700 ta tururi, wannan ne dalilin da ɗan ruwa kaɗan yake isa aiki mai yawa. Sai dai wannan zafin na cikin tukunya ne kawai. Da zarar tururin ya fito daga baki ya haɗu da iska sai ya fara hucewa, har idan aka ja da baya kamar taƙi ɗaya ko biyu, abin da ke isa wurin ɗumi ne da laima kurum. Saboda haka aikin yana kan abu biyu, wato kusantar wurin da ake gogewa da kuma ba shi lokaci.

Akwai abu na uku wanda masu talla ba su cika faɗa ba, kuma shi ne ginshiƙin wannan bayani gaba ɗaya: tururi ba ya kwashe datti. Yana narkar da maiƙo, yana sassauta abin da ya manne, amma dattin yana nan inda yake har sai an bi shi da tsumma an ɗauke. Wanda ya fesa tururi ya wuce bai goge ba, ya matsar da dattin ne daga nan zuwa can, kuma da wurin ya huce maiƙon zai sake daskarewa. Don haka kafin a sayi na'urar ma, a tanadi tawul-tawul masu tsotse ruwa, musamman irin masu laushin zaren nan da ake kira maikurofaiba, kamar guda shida zuwa goma, domin canza su ake yi a kai a kai yayin aiki.

Zaɓen na'ura da maganar wuta

Iri uku ne suka fi yawa a kasuwa. Akwai ƙarama ta hannu mai kama da buta, wadda take ɗaukar ruwa kamar kofi ɗaya, tana aiki na kimanin minti goma kafin a sake zuba mata. Akwai mai doguwar sanda kamar mofa, wadda aka yi ta don ƙasan ɗaki kawai. Sannan akwai babba mai tukunya a kan tayoyi, mai dogon tiyo da kawuna iri-iri da ake sauyawa, tana ɗaukar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma ita ce kaɗai za ta iya yawancin ayyukan da za a ambata a nan. Kamfanonin da aka sani da ƙera su sun haɗa da Kärcher na Jamus, da Polti na Italiya, da Bissell na Amurka, ban da ɗimbin na ƙasar Sin masu sunaye barkatai. A ganina, wanda yake da falo da kicin da banɗaki masu tayil, kuma yana son ya riƙa bin katifa da kujeru, gara ya haƙura ya tara kuɗin babbar, domin ƙaramar tana gajiyar da mutum da jiran ta huce a buɗe a sake zuba ruwa. Kada kuma a rikita wannan na'ura da injin wanke kafet mai fesa ruwan zafi da sabulu yana tsotsewa, ko da ƙaramin abin warware yamutsar tufafi. Kowane da aikinsa.

Maganar wuta ita ce ta fi kawo cikas a wurinmu. Ƙananan na hannu sukan ja wat 900 zuwa 1,200, manyan kuma 1,500 zuwa 2,000 ko fiye, wato kusan abin da dutsen guga ko butar lantarki suke ja. Ƙaramin janaretan nan mai ɗaukar fanka da talabijin da ƙwan fitila ba zai iya da ita ba, haka nan yawancin ƙananan na'urorin sola na gida. Wanda yake da mita mai kati ya lissafa cewa na'ura mai wat 1,500 tana cin kusan yunit ɗaya da rabi a awa guda idan tana ɗumama ruwa ba tsayawa. A jona ta kai tsaye a soket na bango mai ƙwari, domin siririyar wayar ƙari ta araha tana iya zafi ta narke. Idan wuta ta zo da rauni, na'urar za ta daɗe ba ta tafasa ba kuma tururinta zai fito da ruwa-ruwa, to a irin wannan lokaci gara a jira.

Mai sayen ta gwanjo ya juya ta ya karanta tambarin da ke ƙasanta kafin ya biya kuɗi. Wutar Najeriya da Nijar da Gana tana tsakanin bolt 220 da 240, ta Amurka kuwa 120 ce. Na'urar da aka rubuta mata 120 idan aka jona ta kai tsaye a soket ɗinmu za ta ƙone, kuma taransifomar da za ta iya rage mata wuta ta ɗauki wat 1,500 tana da nauyi da tsada, wani lokaci ma ta fi na'urar kuɗi. A duba murfin tukunyar da robar da ke jikinsa, a kuma nemi a gwada ta a shago. Idan tururi yana tsiyaya ta gefen murfin, kada a saye ta.

Ruwan da ake zubawa

Ruwa zalla ake zubawa a tukunyar, ba a haɗa shi da komai. Na san uwargida za ta so ta ɗiga humra ko ruwan turare domin ɗaki ya ɗau ƙamshi, ko ta zuba ɗan maganin kashe ƙwayoyin cuta don ƙarin tsafta, amma duk wannan yana lalata robobin ciki, yana toshe bakin na'urar, yana sa ruwan ya yi kumfa ya riƙa tofo tafasasshen ruwa a maimakon tururi. Mafi hatsari shi ne bilic, domin tururinsa yana ƙona idanu da huhu. Mai son ƙamshi ya gama aikinsa, wuri ya bushe, sannan ya kunna turaren wuta yadda aka saba.

Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da dama yana ɗauke da sinadaran da suke barin farin ɓawo a cikin tukunya. Gwajin yana da sauƙi: a leƙa cikin butar da ake dafa ruwan shayi, idan akwai farin ɓawo a gindinta, to irinsa zai taru a na'urar, ya rage mata zafi, ya ƙara mata cin wuta. A irin wannan gida a yi amfani da tataccen ruwa, wato wanda aka cire wa waɗannan sinadarai, ko a gauraya shi da na famfo, gwargwadon abin da littafin na'urar ya ce, domin wasu kamfanoni sun yarda da tataccen ruwa zalla, wasu kuma sun ce a haɗa rabi da rabi. Wanda zai sayi tataccen ruwa a wurin masu batirin mota ya tabbatar ruwa aka ba shi, ba ruwan batir mai asid ba, tunda a jarkoki masu kama da juna ake ajiye su. Kada a cika tukunyar har baki, saboda tururi yana buƙatar sarari a sama da ruwan.

Tsarin aiki

Shara ce farko. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da tururi taɓo take zama, sai mutum ya wayi gari yana shafa laka a kan tayil da hannunsa. A share, a kakkaɓe, idan akwai injin tsotsar ƙura a bi da shi. Bayan na'urar ta yi zafi, a fara fesawa a cikin bokiti ko a kan tsohon tsumma na 'yan daƙiƙoƙi, domin ruwan da ya kwanta a tiyo shi ne yake fara fitowa. Duk abin da ba a taɓa gwada na'urar a kansa ba, a fara da wani lungu nasa da ido ba ya kaiwa, kamar bayan kujera ko ƙasan labule, a jira ya bushe a ga ko launi ya zuba ko wurin ya kumbura. A fara daga sama a gangaro ƙasa, daga ƙuryar ɗaki a nufo ƙofa, a bar tagogi a buɗe.

Kicin ne wurin da na'urar take nuna ƙwarewarta. Manja da man gyaɗa da suke fantsama lokacin suya suna daskarewa a jikin tayil na bayan murhu, da gefen kukar gas, da ƙarƙashin maɓallanta, da ƙarafunan da ake ɗora tukunya, har su zama wani danƙo mai ɗaukar ƙura wanda soso da sabulu suke sha wahala a kansa. A kashe gas daga kan tukunyarsa, a bari murhun ya huce, a sa ƙaramin kai mai buroshi, a riƙe shi dab da wurin, a tafi a hankali, tawul yana ɗaya hannun yana bin sawu tun maiƙon yana narke. Inda danƙon ya yi kauri na shekara da shekaru, a fara shafa masa ruwan sabulun wanke-wanke a bar shi minti goma, sannan a bi da tururi. Haɗin biyun ya fi kowane ɗaya shi kaɗai. Robar ƙofar firiji, wadda baƙin datti yake maƙalewa a cikin ninkinta, ita ma tana fita da kyau, amma a cire firijin daga wuta, a rage ƙarfin tururin, kuma kada a tsaya wuri ɗaya. Baƙin gindin tukunyar da aka yi girki da ita a kan itace ko gawayi kuwa, wannan ba aikin tururi ba ne, toka da soson ƙarfe ne maganinsa har gobe.

Layukan siminti da ke tsakanin tayil su ne abu na biyu. Tayil ɗin kansa mofa da ruwa ma suna isar masa, amma layukan suna da ƙananan ramuka da datti yake shigewa, kuma a nan ne siririn baki mai buroshi yake yin abin da hannu ba zai yi ba sai da tsugunno na yini guda. A bi layi ɗaya bayan ɗaya, a goge baƙin ruwan da yake fitowa kafin ya koma. Aikin yana da cin lokaci, matsakaicin banɗaki yana iya cin awa guda a karon farko, amma bayan haka sau ɗaya a wata biyu ko uku ya wadatar. Idan simintin layin ya riga ya tsage ko yana marmashewa, tururi zai ƙara fitar da shi, sai a gyara tukuna. Buroshin da aka yi aikin masai da shi a ware shi daban, a ɗaura masa zare ko a yi masa wata alama, kada ya koma kicin.

A banɗaki akwai iyaka da ya kamata a sani. Farin tabon da ruwa yake bari a kan famfo da kan shawa da gilashi ba maiƙo ba ne, ɓawon sinadarin ruwa ne, zafi ba ya narkar da shi. Abu mai tsami ne yake cin sa, kamar ruwan khal ko lemun tsami, a shafa a bar shi ya jiƙa sannan a goge. Amma kada mai tsamin ya taɓa dutsen mabul ko daɓen tarazo, domin yana cinye ƙyallinsu. Tsatsa ma ba ta jin tururi. Baƙin funfuna da ke fitowa a kusurwar bango yana gogewa, sai dai muddin bututu yana yoyo a cikin bangon ko iska ba ta shiga, zai dawo cikin makonni, kuma tururin ma laima yake ƙara wa wurin.

Katifa, kujeru da kuɗin cizo

Mutane da yawa saboda kuɗin cizo suke neman wannan na'ura, kuma a nan tana da fa'idar da ta cancanci a tsaya a kanta. Kuɗin cizo da ƙwansa suna mutuwa idan zafin jikinsu ya kai wajen digiri 50, alhali magungunan feshi da yawa ba sa kashe ƙwan, wasu ƙwarin ma sun saba da maganin. Ga kuma hatsarin fiya-fiya da ake yayyafawa a ɗakin kwana, wanda ya sha jawo asarar rayuka a gidaje. Tururi ba ya barin guba a wurin da yara suke kwanciya. Amma sai an yi shi bisa ƙa'ida, in ba haka ba wahalar banza ce.

A cire zanen gado da rigunan matashi a wanke su da ruwa mai zafi sosai, kamar digiri 60. A sa faffaɗan kai a na'urar, a naɗe shi da tawul, domin siririn baki mai ƙarfin iska hure ƙwarin yake yi su watse cikin ɗaki da ransu. A ɗora kan a jikin katifar, a ja shi a hankali ƙwarai, kamar tsawon ƙafa ɗaya a cikin rabin minti, ana mai da hankali ga ɗinkin gefe da ninki da ƙarƙashin tambarin katifa, inda ake ganin ɗige-ɗigen baƙin kashinsu. Abin da ake nema shi ne saman wurin ya kai digiri 70 zuwa 80 a daidai lokacin da kan ya wuce, yadda zafin zai ratsa cikin ɗinkin. Daga nan a kwance gadon, a bi mahaɗar katako da ramukan kusoshi da bayan allon kai, sannan kujerun da ke ɗakin, da gindin bango, da akwati ko jakar ɗalibin da ya dawo daga makarantar kwana, tunda sau da yawa ta nan suke shigowa. Soket da makunnin fitila su ma maɓoyarsu ne, amma ba a fesa musu tururi ko kusa.

Tururi yana kashe abin da ya taɓa ne kawai a wannan lokacin. Wanda ya ɓuya a tsagar bango mai zurfi ko can cikin soson katifa ya tsira, kuma ƙwan da ya kuɓuta yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10. Saboda haka a maimaita aikin bayan mako guda, a sake bayan wani makon, a toshe tsagogin bango. Idan ƙwarin sun mamaye ɗakuna da yawa, ko gidan haya ne da suke ratsowa daga maƙwabta, na'urar ita kaɗai ba za ta gama da su ba, sai an haɗa da ƙwararrun masu feshi kuma an yi gidan gaba ɗaya. Gara da ke cin katako daga ciki ba ta cikin lissafi sam. Ƙwarƙwata kuwa, kada wani ya yi gangancin kusanta tururi da kan yaro ko jikin dabba.

Bushewa rabin aikin ce. Soson katifa da na kushin suna shan laima, idan aka mayar da zanen gado kafin su bushe sai wari da funfuna su biyo baya. A hunturu da bazara 'yan awoyi sun isa idan an kunna fanka ko an jingina katifar a rana. A tsakiyar damina, musamman watan Agusta da iska take cike da laima, a fara da sassafe a ranar da gari ya washe, ko a ɗaga aikin.

Akwai tabon da zafi yake ƙara kamawa a maimakon ya fitar: jini, da ƙwai, da madara, da amai, da fitsari. Zafi yana dafa su ne a cikin zaren yadi, kamar yadda farin ƙwai yake sandarewa a kasko, sai tabon ya zauna, zarnin fitsari kuma ya kama katifa ya ƙi fita. Gidan da ke da yara masu fitsarin kwance ya kiyaye wannan sosai. A fara da ruwan sanyi da sabulu, a danna tawul a tsotse, a maimaita har tabon ya tafi, wuri ya bushe, sannan tururi ya biyo baya idan ana so. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani game da najasa a kan darduma ko shimfiɗar salla, wadda da ruwa mai tsarki ake wanke ta. Hura mata tururi ba wanki ba ne, ba ya kuma ɗauke abin da ke wurin.

Haka nan maganar kashe ƙwayoyin cuta tana buƙatar a auna ta. Alƙaluman da ake bugawa a jikin kwali daga gwajin da aka yi a kan wuri mai santsi ne, da bakin na'urar dab da wurin na wani ƙayyadadden lokaci. Wucewa da sauri a kan kafet ba zai ba da wannan sakamako ba. A asibiti, tukunyar da ake tsarkake kayan tiyata tana riƙe su a digiri 121 ƙarƙashin matsi na aƙalla minti 15. Na'urar gida tana rage ƙwayoyin cuta a kan tayil da ƙarfe idan an yi a natse, amma ba ta kai wannan matsayi ba, kuma ba ta maye gurbin tafasa bulumbotin jariri.

Abubuwan da ba a kusantar su da ita

Kayan ɗakin amare na zamani, gado da sif da madubi da kabad ɗin kicin, yawancinsu an yi su ne da katakon garin itace da aka matse da gam, aka lulluɓe da siririyar leda mai ƙyalli. Tururi yana narkar da gam ɗin gefe, ledar ta ɗago, laima ta shiga ciki, katakon ya kumbura kamar burodin da ya jiƙa, kuma ba ya komawa. Na taɓa ganin ƙofar kabad da aka yi wa haka don a cire maiƙon hannu a kusa da mariƙi, washegari gefenta ya buɗe baki, sai canza ta aka yi. Daɓen katako da na laminet haka suke, ledar ɗaki kuma tana tattarewa, gam ɗinta ya saki. Katako mai fenti ko mai man ƙyalli yana yin farin tabo.

Bango mai fentin ruwa yana kumbura ya ɓare, takardar ado ta bango tana saki, har ma tururi ake amfani da shi idan ana son ɓare ta da gangan. Silin na fiyofi yana shan ruwa ya yi laushi. Ginin ƙasa da daɓen gargajiya ba sai an faɗa ba. Tsohon silin ko rufin asbesto a bar shi kawai, domin zaren da ke tashi daga jikinsa idan aka kankare shi yana da illa ga huhu.

A ɓangaren tufafi da kayan ado, fata tana bushewa ta tsage, saboda haka kujerun fata da tum-tum da jakunkuna da takalma su tsaya a kan tsumma mai ɗan danshi da man fata. Siliki da karan-miski suna tabo. Shadda mai ƙyalli da aka kai wa masu bugu, laima tana kashe mata ƙyallin da aka biya kuɗi aka samu, hular da aka wanke aka sa mata sitaci kuma za ta yi laushi ta faɗi. Labulen auduga mai kauri yana jin daɗin tururi yana rataye, yana warware yamutsa ya rage warin ƙura, amma a ja baya kaɗan kuma a gwada a ƙasansa tukuna. Talabijin da kwamfuta da fanka da duk abin da wuta take bi ta cikinsa ba a fesa musu.

Gilashi yana gogewa da kyau da kan da ke da robar share ruwa, amma gilashi mai sanyi idan zafi ya buge shi farat ɗaya yana tsagewa. A safiyar hunturu, musamman a wurare masu sanyi irin Jos, a bari rana ta ɗaga, sannan a fara ɗumama gilashin gaba ɗaya daga nesa kafin a matso. Wanda ya riga ya yi 'yar tsaga a bar shi.

Ƙuna da kula da na'urar

Ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni, domin lokacin da tururi ya koma ruwa a kan fata yana sakin zafin da ya ninka fiye da sau biyar na wanda ake buƙata a ɗaga ruwa daga ƙanƙara-ƙanƙara zuwa tafasa. Kuma dab da bakin na'urar, inda ya fi zafi, ido ba ya ganin sa sosai. A sa takalmi rufaffe, ba silifa ba, a fitar da yara daga ɗakin, a kula da hannun da ke riƙe da tawul kada ya riga tururin isa wurin. Idan wuta ta ɗauke ana cikin aiki, a tuna cewa tukunyar tana nan da zafinta da matsinta. Ba a buɗe murfin sai an cire waya daga soket, an danna maɓalli har tururin ya ƙare, an kuma jira ta huce; murfin da ya ƙi juyawa alama ce cewa akwai sauran matsi, ba a tilasta shi da filaya. Idan ƙuna ta faru, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana gudana na minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsafta. Ba a shafa man goge baki, ko manja, ko ɗanyen ƙwai, ko gishiri, ba a kuma ɗora ƙanƙara. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, ko ta jikin ƙaramin yaro, a tafi asibiti.

Bayan an gama aiki kuma na'urar ta huce, a zubar da ragowar ruwan, a ɗauraye tukunyar, a bar murfin a sassauce har cikinta ya bushe. Gidan da ruwansa yake barin ɓawo ya riƙa wanke tukunyar da maganin cire ɓawo da kamfanin ya amince da shi, yana bin adadin da aka rubuta, sannan ya ɗauraye sau biyu ko uku kafin ya sake kunna ta. Tawul ɗin a wanke su daban da ruwan zafi da sabulu, ban da ruwan tausasa tufafi, domin yana rufe zarensu su daina tsotsewa. Tiyon a naɗe shi da faɗi ba tare da an lanƙwasa ba, a ajiye na'urar a cikin kwalinta ko a rufe ta da zane saboda ƙura, nesa da inda ɓera zai kai ga wayar. Robar murfin ita ce take fara gajiya, kuma ana samun irinta a wurin masu gyaran kayan lantarki idan aka tafi da tsohuwar don a gwada girmanta.